Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Alƙalin Alƙalan Jihar Bauchi: A Buɗe Mana Ɗakin Sulhu Kafin Sammaci

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Allah ya gafarta Malam, ina gaisuwa tare da fatan alheri gare ka da sauran alƙalan Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci. Ni malama ce a wata Islamiyyar matan aure a cikin garin Bauchi. Ban yi karatun lauya ba, ban taɓa riƙe muƙami ba. Abin da nake da shi tabarma ce da nake zama a kai bayan an tashi karatu, wadda mata ke raɓowa gefenta su ce, "Malama, ina son magana da ke." Idan mace ta faɗi haka tana murza bakin hijabinta, idonta a ƙasa, na riga na san maganar aure ce.

Na zaɓi in rubuto maka ne saboda sashe na 277 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa kotunka duba ƙararrakin da aka ɗaukaka kan aure, da mutuwarsa, da riƙon yara, da gado. Wato duk rigimar gida da ta gagara, teburinka ne maƙurarta a jihar nan. Kai ƙarshenta ke iso maka cikin fayil, ni kuwa farkonta nake gani, tun tana ɗanya, tun ana iya kashe wutar da ruwan buta ɗaya.

Bari in ba ka labarin wata ɗalibata. Shekararta tara a ɗakin miji, 'ya'ya uku. Mijin ɗan kasuwa ne, jarinsa ya karye, gida ya yi zafi, kullum sai an yi cacar baki kan kuɗin cefane. Wani dare magana ta yi tsawo, ya yago takarda daga littafin makarantar ɗansu ya rubuta mata saki ɗaya. Kafin azahar ta washegari yayyenta sun zo da a-kori-kura, an kwance gado, an kwashe kwanuka, har labule an cire. Babu wanda ya tuna cewa Allah ya ce a farkon Suratuɗ Ɗalaƙ kada a fitar da su daga gidajensu, su ma kada su fita. Surukarta ta riƙe manyan yaran biyu, ta ce 'ya'ya na uba ne. Ta tafi da na goye kaɗai.

Mahaifinta ya fusata, ya ce sai kotu. Aka aika sammaci. Ranar da masinjan kotu ya miƙa wa mijin takarda a rumfarsa, a gaban abokan kasuwa, ranar auren ya mutu da gaske. Ya ce, "Tunda ta tona mini asiri, mu haɗu a can." Aka shiga zama, a ɗage, a dawo, yau shaida bai zo ba, gobe mijin ya yi tafiya. Tana kan bencin kotu da jariri a baya iddarta ta cika. Alƙalin ya yi adalci, wallahi ba ni da abin cewa a kansa: ya mayar mata da yaranta, ya yanka wa uban abin da zai riƙa bayarwa duk wata. Ya biya wata biyu ya daina. Yanzu masa take soyawa a ƙofar gidansu tun asuba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, daga baya na ji daga bakinta, na kuma ji daga bakin yayar mijin, cewa a makon farko duka biyun sun so a yi kome. Shi kunya ta hana shi biko, ita tsoron mahaifinta ya hana ta magana. Saki ɗaya ne, ƙofa a buɗe take har tsarki uku. Ba a samu wanda ya zaunar da su ba.

Allah ya gafarta Malam, kai ne malaminmu a wannan fage, ba zan koya maka karatu ba, sai dai in tuna wa masu karanta wannan wasiƙa. Aya ta 35 cikin Suratun Nisa'i ta ce idan aka ji tsoron ɓaraka tsakanin ma'aurata, a tashi mai sulhu ɗaya daga danginsa, ɗaya daga danginta. A aya ta 128 Allah ya ce sulhu alheri ne. Mazhabarmu ta Malikiyya ba ta ɗauki waɗannan mutum biyu a matsayin 'yan rakiya ba. Imamu Malik ya tafi a kan cewa maganarsu tana zartuwa, ko sun ga a haɗa ko sun ga a raba. Kenan tsari ne cikakke da ke cikin littattafan da alƙalanmu suka karanta tun suna zaure. Tun 2001 da aka ƙaddamar da shari'a a jihar nan muke da kotuna da hukumomi masu sunanta, amma wannan aya har yau ba ta da ɗaki nata da mace za ta nufa kai tsaye ta san za a saurare ta.

Na san ana sulhu. Hakimai da dagatai da masu unguwanni suna yi, limamai suna yi, Hukumar Shari'a da 'yan Hisba suna yi, Allah ya saka musu. Na kuma san alƙalai da yawa kan dubi ma'aurata su ce, "Ku je ku daidaita, ku dawo nan da mako biyu." Niyyar mai kyau ce. Amma su je ina? Wurin wa? Mutum biyun da ba sa ko gaisawa, dangi kuma kowa ya ja daga, su ne za su daidaita kansu a bakin titi? Sau da yawa mako biyun nan sai dai ya ƙara wa wutar itace.

A da akwai inda ake zuwa. Mace ta yi yaji, miji ya tura kawunsa biko, waliyyai su zauna, in ta gagara a je gaban mai unguwa. A Darazo ko Gamawa ko ƙauyukan Ningi wannan igiya ba ta tsinke duka ba. A cikin birni kuwa ta yi rauni sosai. Ma'aurata na zaune a gidan haya a sabuwar unguwa, maƙwabci bai san sunan maƙwabci ba, iyaye suna Azare ko Misau, wani waliyyin ma a masallaci aka roƙe shi ranar ɗaurin aure, daga ranar bai sake jin labarin yarinyar ba. Saki kuma ya koma saƙon waya. Na ga wanda aka turo ta WhatsApp, matar na tsakiyar wanke-wanke.

Sai dai dole in faɗi gaskiya game da sulhun namu na gargajiya, ko da za ta yi ɗaci, domin ba shi nake roƙon a dawo da shi yadda yake ba. Sau da yawa abin da muke kira sulhu kalma uku ce: "Ki yi haƙuri." Na taɓa raka wata zaman sulhu a gidan iyayenta. Idonta na hagu a kumbure yake, ya rufe ruf, leɓenta a fashe. Maza suka zauna a zaure, mu muna tsakar gida bayan ƙyaure muna jiyo su. Mijin ya yi bayani son ransa, ya ce sharrin Shaiɗan ne, aka ce ya kyauta da ya amsa laifi. Aka sha ruwa, aka yi fatiha. Babu wanda ya leƙo ya ce mata, "Ke me kika gani? Me kike so?" Baffanta ya shigo ya ce ta ɗauki mayafinta, kowace mace da haƙuri take zaune. Ta kama hannuna ta matse har sai da na ji zafi, ba ta ce komai ba. A daren aka mayar da ita. Bayan wata huɗu ta dawo da karaya a hannu.

Wannan zaman ba shi da alaƙa da abin da aya ta yi umarni. Hadisin Barira yana cikin Bukhari. Mijinta Mugis yana bin ta a titunan Madina yana kuka, hawaye na zuba a gemunsa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce mata da ma ta koma masa. Ta ce, "Umarni kake ba ni?" Ya ce a'a, ceto kawai yake yi. Ta ce ba ta da buƙatarsa. Maganar ta ƙare a nan. Fiyayyen halitta ya shiga tsakani, mace ta ce a'a, bai tilasta ta ba, bai ce ta yi rashin kunya ba. To wane baffa ne ko wane mai unguwa zai fi shi iko? Kuma hadisi ya zo cewa sulhu halal ne tsakanin Musulmi, ban da sulhun da ya halatta haram ko ya haramta halal. Mayar da mace hannun mai dukanta ba tare da jin ta bakinta ba, halatta cuta ne.

Don haka roƙona na farko, kafin ma a yi maganar gini ko kujeru: duk tsarin da za a yi, a rubuta ƙarara cewa inda akwai duka, ko barazanar kisa, ko cin zarafin yara, ba a tilasta zaman sulhu. Wannan ta wuce gaban alƙali kai tsaye, kuma Malikiyya ta ba alƙali damar raba aure saboda cutarwa. Ko a Ingila, inda tun 2014 doka ta wajabta wa mai son kai ƙara kan yara ko dukiya ya fara halartar zaman jin bayanin sasanci, sun cire wadda ake duka daga wannan sharaɗi. Mace mai tsoro ba ta iya ciniki. Duk abin da aka ce mata za ta ce to, don ta tsira daga ɗakin.

Sai abu na biyu, wanda shi ne zuciyar wasiƙar nan. Mu a nan idan aka ce an yi sulhu, nufinmu ta koma ɗakinta. Idan ba ta koma ba sai a ce sulhu ya ci tura, kowa ya kama gabansa. Alhali aya ta 229 cikin Baƙara hanya biyu ta shimfiɗa: riƙo da alheri, ko saki da kyautatawa. Rabuwa ma tana buƙatar masu shiga tsakani, har ma ta fi buƙata, domin a nan ne ake cinye haƙƙoƙi. Ina za ta yi idda, wa zai ciyar da ita? In tana da ciki, wa zai ɗauki nauyin awo da haihuwa? Yara wurin wa za su zauna, yaushe uba zai gan su, wa zai biya kuɗin makaranta da na magani? Kayan ɗakinta fa, da bashin da ta ba shi daga kuɗin adashinta ya ƙara jari, wanda babu shaida sai Allah?

Waɗannan tambayoyi suna da amsa a fiƙihu, mutane ne ba su sani ba, ko sun sani sun take. Risala, wadda ake karantawa a kowane zaure a ƙasar Hausa, ta ce renon yaro bayan saki na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. In uwa ta rasu ko ta auri wani, kaka ta wajen uwa ce ke biye, sannan inna 'yar'uwar uwa. Ciyarwa kuwa tana wuyan uba ko yaran suna ina. Amma je ka unguwa ka ji: da an yaye yaro sai a zo a ɗauke shi, a kai wa kishiya ko tsohuwar da ba ta iya ko ɗaukar tulu. In kuma uwa ta riƙe, uba ya ce tunda ta riƙe ta ciyar. Haka batun kul'i, wato mace ta fanshi kanta daga aure. A zamanin Manzon Allah, matar Sabit ɗan Ƙaisu gonar da ya ba ta sadaki ta mayar, aka rabu. A nan sai miji ya zo da dogon lissafi, lefe, kuɗin gaisuwar iyaye, har abin da ya kashe ranar biki, don ya san ba za ta iya biya ba. Imamu Malik kuwa ya ce idan ta tabbata cutar da ita ya yi har ta nemi fansar kanta, sakin ya tabbata, kuma ya mayar mata da dukiyarta.

Na ga zaman da aka yi shi daidai, sau ɗaya, kuma shi ya sa nake da yaƙinin abin zai yiwu. Auren bai gyaru ba, saki na uku ne. Amma kawun mijin dattijo ne mai tsoron Allah, ya nemi yayan mahaifiyar matar, suka zauna da wani limami. Suka sa matar limamin ta keɓe da ita ta ji ta bakinta, sannan aka kira ta ta zauna a cikin ɗakin, ba bayan ƙyaure ba. Aka bi abu ɗaya bayan ɗaya: mudu nawa na masara da shinkafa duk wata, kuɗin makaranta uban zai kai da hannunsa, yara su je wurinsa ranar Juma'a bayan an sauko su dawo Asabar da yamma, Ƙaramar Salla wurin uwa, Babbar Salla wurin uba. Aka rubuta da Hausa, aka karanta da ƙarfi, kowa ya sa hannu. Yau uban na shiga zauren tsofaffin surukansa ya gaishe su ya ɗauki yaransa. Sai dai wannan takarda darajar kawun ce kawai ke riƙe da ita. Ran da ya kwanta dama, ko uban ya ƙara aure ya canza ra'ayi, ba ta da ƙarfin da za ta tilasta masa komai.

A nan ne muke buƙatarka. Ina roƙon a samar da ɗakin sulhu a jikin kowace kotun shari'a a ƙananan hukumomi 20 na jihar nan, ko a fara da manyan garuruwa a gani. Wanda ya zo da maganar aure, miji ne ko mata, a fara rubuta masa takardar gayyata zuwa sulhu, wadda za a bi ta hannun waliyyi ko mai unguwa a isar cikin sirri, maimakon sammaci a tsakiyar kasuwa. A zauna cikin mako guda, domin idda ba ta jiran kowa. A kuma yanka wa zaman wa'adi, kada ya zama wata sabuwar hanyar ja wa mace rai. A Masar, dokar da ta kafa kotunan iyali a 2004 ta haɗa su da ofisoshin sasanci, ta ba su kwana 15 su gwada kafin magana ta je gaban alƙali. In an daidaita, a rubuta da Hausa, da boko ko da ajami, a karanta wa wanda bai iya karatu ba, alƙali ya duba ko an tauye wani, ya buga hatimi, ta zama hukuncin kotu. Wanda ya saɓa, ba sai an sake shari'a daga farko ba. Kuɗin ciyarwa kuma a sa masa hanya mai shaida, ta asusun banki ko ta hannun magatakardan kotu, don a daina musun na bayar, ba ka bayar ba.

Kuma don Allah a sa mata cikin masu sulhun. Akwai abin da mace ba za ta taɓa faɗa a gaban maza ba ko za a yanka ta, musamman abin da ya shafi shimfiɗa, ko rashin lafiyar miji, ko abin da take zargin ana yi wa 'yarta. Rabin matsalolin da ake kira rashin kunya ko taurin kai, idan mace ta keɓe da mace sai a tarar wani abu ne dabam. Muna da malamai mata da suka karanta fiƙihu, muna da lauyoyi mata, da tsofaffin malaman makaranta da na asibiti da suka yi ritaya, masu hankali da riƙon sirri. A horar da su tare da mazan: yadda ake saurare ba tare da katse mutum ba, yadda ake gane wadda tsoro ya rufe wa baki, da haƙƙoƙin da ba a yafe su a madadin yaro. Sannan abin da aka faɗa a ɗakin ya mutu a ɗakin. Idan mutum ya san maganar da ya yi don neman gyara za a ɗauko ta a kafa masa hujja a kotu, ba zai buɗe baki ba.

Ba sabon abu nake kawowa ba ko a Najeriya. Legas ta buɗe kotun sasanci mai ƙofofi da yawa tun 2002, Abuja da Kano suka biyo baya, kuma a 2023 gwamnatin tarayya ta sa hannu kan sabuwar dokar sasanci, ko da yake ita ta fi karkata ga harkar kasuwanci. 'Yan'uwanmu Kirista na Tafawa Ɓalewa da Bogoro da cikin gari waɗanda suka yi auren rajista, dokar aure ta 1970 ta riga ta ɗora wa babbar kotu duba yiwuwar sasantawa kafin raba aure. Wannan ɓangaren Babban Joji ne, amma yaran da ke shan wahala iri ɗaya ne, zai yi kyau ku haɗa kai, ku kuma shigar da Majalisar Dokoki inda ake buƙatar doka ko kasafi.

Na san za a ce ana son a ƙwace wa maza haƙƙin saki. Ban roƙi haka ba. Wanda ya furta ya furta, babu ɗakin da zai mayar da magana ciki. Abin da ke bayan furucin nake magana a kai, kwanakin nan da shari'a ta ajiye don a huce a yi tunani, waɗanda muke ƙonawa wajen kwashe kaya da zage-zage. Za a kuma ce babu kuɗi. Ɗaki ɗaya ne da tabarma ko benci, da littafin rajista, da ɗan alawus ga masu zaman. Kowace magana da ta ƙare a nan, fayil ɗaya ne ya ragu a gaban alƙalin da ke fama da shari'ar gona da gado da bashi. Iyayenmu sarakuna kuma ba za a ture su gefe ba, su ne ma za su fi sanin dattawan da ake jin maganarsu a kowace gunduma, kuma sulhun da aka yi a fadar hakimi ana iya kawo shi alƙali ya duba ya buga masa hatimi.

Ɗalibar nan tawa mai soya masa har yanzu tana zuwa karatu, sai dai takan makara, hannunta na ƙamshin mai. Babban ɗanta ya daina zuwa makarantar boko tun zangon da ya wuce, shi ke kai masa tasha. Jiya kuma bayan an tashi wata ta raɓo gefen tabarmata, ta ciro takarda a ninke daga cikin jakar Alƙur'aninta. Saki ɗaya ne, kwanansa goma sha ɗaya. Ta ce ba ta son kotu, ba ta kuma son a taru a zaure a yanke ba da ita ba. Na ce ta dawo ranar Asabar, zan nemi kawun mijin in ji ko zai saurare ni.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya yi maka jagora a kan wannan nauyi.

Wassalamu alaikum.

Taka mai biyayya,
Wata malamar Islamiyya,
Bauchi.